Ina son karanta Girkanci da Latinanci, Abba ya ce sai dai lauya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekarata 18, bana na gama sakandare, kuma sakamakona ya yi kyau, alhamdu lillahi. Tun ina aji huɗu na kamu da son tarihin Girkawa da Rumawan dā: yaƙe-yaƙen Iskandar, da Hanibal da giwayensa, da shari'ar da aka yi wa Sokiratis har aka kashe shi. Na bincika na gano cewa a Jami'ar Ibadan akwai sashen da ake koyar da harsunansu da al'adunsu, wanda ake kira Classics da Turanci. Da na faɗa wa Abba sai ransa ya ɓaci. Ya ce na farko karatun masu bautar gumaka ne, na biyu wa zai ba ni aiki da harshen da masu shi suka mutu tuntuni. Ya ce lauya zan karanta, in ba haka ba kada in sa ran ko sisinsa. Umma ba ta ce komai ba, illa ta ce in bi a hankali. Na yi Ajrumiyya da rabin Alfiyya a wajen Baffa, ƙanen Abba, amma shi ban gaya masa ba tukuna. Wani abokina ya ce in cike JAMB da abin da nake so a ɓoye, in an ba ni gurbi sai in ce jami'a ce ta canza mini kwas. Malam, in yi haka? Kuma da gaske ne babu abinci a karatun nan?

Ɗalibi daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana.

Bari in fara da shawarar abokinka, don ita ta fi gaggawa: kada ka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar rajistar da za ka buga tana ɗauke da kwas ɗin da ka zaɓa da hannunka, kuma ba za a rasa wanda zai karanta wa Abba ita ba. Ko da ba a taɓa ganewa ba, kai ne za ka yi shekara huɗu a garin da ba naku ba, kana karɓar kuɗin makaranta daga hannun mutumin da ka yaudara, duk hutu ka dawo ka durƙusa ka gaishe shi. Karatun da kake so yana bukatar hankali kwance, don haka ka cire wannan hanya daga lissafi gaba ɗaya.

Yanzu ni ma ina da tambaya, kuma ta fi ta Abba tsauri. Duk abin da ka lissafa mini labari ne: Iskandar, Hanibal, Sokiratis. Ban ga inda ka ce ka taɓa buɗe littafin nahawun Latinanci ba, ko ka koyi baƙaƙen Girkanci. Son labarin mutane daban, son harshensu daban, kuma sashen da kake hange harshe ne ƙashin bayansa.

Ga abin da ke jiranka a shekarar farko. Baƙaƙen Girkanci 24 ne, cikin mako guda za ka iya su, nan sauƙin ya ƙare. A Latinanci sunaye sun kasu gida biyar, kowane suna ƙarshensa yana sauyawa gwargwadon aikin da yake yi a jimla, hali shida a tilo, shida a jam'i. Aikatau gida huɗu ne, kuma kowanne sai ka haddace masa siga huɗu kafin ka iya sarrafa shi. Na Girkanci siga shida ne, da yawansu kuma ba sa bin ƙa'ida, sai dai hadda. Kalmomi ba sa jeruwa yadda ka saba a Hausa ko Turanci. Sisero, babban lauyan Rum, yakan ja jimla guda ta ci layi takwas ko goma, aikatau ɗin yana can ƙarshe, kai kuma kana riƙe da duk abin da ya gabata a ka har ka iso gare shi. Za ka yi dare da ƙamus a kan layi ashirin. Sai an sha wannan kafin a ba ka labarin yaƙin Kaisar a ƙasar Gol, wato yankin Faransa ta yau, ko jawabin kare kai da Aflaɗun ya rubuta a bakin Sokiratis, daga baya a kai ga mawaƙa Homa da Barjil, can gaba kuma marubucin tarihi Tusididis, wanda har malaman fannin suke jin jiki a hannunsa. Masu shiga saboda daɗin labari a nan suke sarewa. In labarin kaɗai kake so, an fassara kusan dukansa zuwa Turanci, kana iya karanta shi kana kowane sashe, har da na lauya.

Amma akwai abin da ya sa na ɗauki wasiƙarka da muhimmanci, shi ne littattafan nahawun Larabci, Ajrumiyya da Alfiyyar nan, da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Abin da ya fi wahalar da ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani shi ne ya yarda cewa ƙarshen kalma ne ke nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa, ba wurin da ta zauna a jimla ba. Kai kuwa tun a zauren Baffa kake li'irabi: wannan marfu'i ne don fa'ili ne, wancan mansubi ne don maf'uli ne, wancan majruri. Tunanin ɗaya ne, adadin halayen ne ya ƙaru. Har musanna, sigar abu biyu, za ka tarar da ita a Girkancin Homa. Ka kuma saba da hadda, ka saba a bi matani kalma bayan kalma ana fassarawa, wanda shi ne ainihin yadda ake wannan karatu.

Kunnenka ma jari ne. Waƙar Girkawa da ta Rumawa ana auna ta ne da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar arulin Larabci, kamar rubutacciyar waƙar Hausa. Bature mai jin Ingilishi sai ya yi ta ƙirga gaɓoɓi da fensir, Bahaushe kuwa da wasali mai ja da marar ja yake magana kullum. Tsohon Girkanci kuma yana da hawa da saukar murya a kan kalma, alamomin da za ka gani a saman baƙaƙe abin da suke nunawa ke nan, mu kuma harshenmu mai karin sauti ne. Sannan ga Homa. Waƙarsa ta yaƙin Taroyi ta haura ɗango 15,000, kuma masana sun daɗe suna mamakin yadda yake maimaita laƙabi ɗaya ga jarumi ɗaya: Akilis mai saurin ƙafa, Odisiyus mai yawan dabara. Sai da wani Ba'amurke, Milman Parry, ya tafi tsohuwar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi mawaƙan baka da ba su iya rubutu ba, sannan aka tabbatar cewa haka mawaƙin baka yake gina waƙarsa a gaban jama'a, da tubalan da ya riga ya tanada. Wanda ya tashi yana jin kirarin sarakuna da makaɗan fada ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ina faɗa maka duk wannan ne don ka san cewa in ka shiga, ba a baya za ka fara ba.

To, mu zo ga Abba. Kada ka raina maganarsa ta farko, akwai gaskiya a cikinta. Littattafan nan cike suke da labaran Ziyus da sauran abin bautarsu, wasu labaran ma na rashin kunya ne, kuma a cikin waƙoƙin Rumawa da wasannin barkwancin Atina akwai batsa ƙarara. Uban da ya ji haka ya ɗaga murya, ɗansa yake karewa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, Baffanka ya fi ni sanin wannan fage. Abin da zan iya shi ne in tuna maka abubuwan da ke cikin karatunmu na gida.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. A zaurukanmu ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, na su Imru'ul Ƙaisi, da giyarsu da alfaharinsu da duk abin da ke ciki, saboda lugga, kuma ba wanda ya ce malamin da ya karantar da su ya bi addinin mawaƙan. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne mandiƙi, ilmin ƙa'idojin tunani da kafa hujja. Littafin Sullam na Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda ɗalibai suke haddacewa, asalin ilmin da ke cikinsa na Arisɗo ne, Bagirke. Isaguji na Abhari kuwa ya bi sawun gabatarwar da wani malamin Girkanci, Farfuriyus, ya rubuta wa mandiƙin Arisɗo a ƙarni na 3. Ta Bagadaza abin ya biyo, zamanin Abbasiyawa, inda su Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, suka juya littattafan likitocin Girkawa Jalinus da Buƙraɗ zuwa Larabci, wasu kuma suka fassara lissafin Iƙlidis da falakin Baɗlimus.

Malamai ba su haɗu a kan halaccin koyon mandiƙi ba, kuma bai kamata ka ɓoye wannan ba. Ahdari da kansa ya kawo saɓanin a cikin Sullam: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakkiyar basira wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Suyuɗi ya haramta mandiƙi, Shehu Magili kuwa, wanda ya zauna a garinku zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani a waƙe yana kare shi. Gazali ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi a kan aƙida, amma ya riƙe mandiƙinsu ya yi aiki da shi. Ka lura da sharaɗin Ahdari, don ya shafe ka kai tsaye. In har za ka tafi, karatunka na addini ba zai tsaya ba, sai ma ya ƙaru. Sauran rabin Alfiyyar nan bashi ne a kanka, kuma alkawarin ƙarasa ta yana cikin abin da zai kwantar wa Abba hankali.

Akwai kuma wani zato da nake so ka gyara a ranka kafin wani ya jefe ka da shi, cewa wannan gadon Turawa ne kaɗai. Hanibal ɗinka ɗan Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Sarkin Rum Sabtimiyus Sabirus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, a Libiya aka haife shi. Agustin, wanda rubutunsa na Latinanci ya yi wa tunanin Turai jagora shekaru aru-aru, ɗan Suk Ahras ne a Aljeriya. Sarki Ezana na Aksum, a Habasha, ya sa an sassaƙa labarin yaƙinsa a dutse da Girkanci a ƙarni na 4. Hirodotus, tun ƙarni na 5 kafin miladiyya, ya ba da labarin Garamantawa na Fezzan, a kudancin Libiya ta yau, da kekunan yaƙinsu masu doki huɗu, Fezzan ɗin nan da ayarin fatakenmu suka riƙa ratsawa zuwa Tarabulus. Baɗlimus ya ambaci wani mai suna Yuliyus Matarnus da ya bi sarkin Garamantawa kudu, tafiyar wata huɗu, har ƙasar Agisimba mai yawan karkanda, wadda wasu masana suke ganin wajen Tafkin Chadi take, wasu kuma suna musu. Rumawan da sura guda ta Alƙur'ani take ɗauke da sunansu, da sarkinsu Hiraƙal da aka aika wa wasiƙa daga Madina, Girkanci suke ji, kuma abin da marubutansu suka rubuta game da farkon yaɗuwar Musulunci da Girkanci yake. Mai son tarihin Sahara ko na Musulunci yana da abin nema a harsunan nan.

Maganar Abba ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan ya fi ka gaskiya. Za ka ji ana lissafa manyan da suka fito daga sashen nan na Ibadan, wanda yake cikin waɗanda aka buɗe jami'ar da su a 1948. Emeka Anyaoku ya gama a 1959, ya zama babban sakataren ƙungiyar Kwamanwel daga 1990 zuwa 2000. Bola Ige a nan ya fara, sannan ya karanta lauya a Landan, ya yi gwamnan Oyo, ya yi ministan shari'a. Gamaliel Onosode ya shugabanci manyan kamfanoni. Duk gaskiya ne. Sai dai sun gama ne a shekarun 1950, lokacin da masu digiri a Nijeriya ba su taka kara sun karya ba, aiki ke neman mutum. Kada ka kai wa Abba sunayensu kamar hujja ce a kan yau, zai ce maka zamani ya canza, kuma bai yi kuskure ba.

A yau ba za ka ga tallar aiki ana neman mai Latinanci ba, in ba koyarwa a jami'a ba, ita ma guraben ba su da yawa. An daina koyar da harshen a kusan duk makarantun sakandarenmu. A ƙasashen waje ma fannin yana fama: Jami'ar Howard da ke Washinton ta rufe sashenta a 2021. Abin da digirin zai yi maka shi ne ya sa ka a layi ɗaya da wanda ya karanta tarihi ko Ingilishi ko falsafa: aikin gwamnati, aikin jakadanci, jarida, gyaran rubutu da ɗab'i, bankunan da ke ɗaukar mai kowane irin digiri su horar da shi, ƙungiyoyin agaji. A wannan layi abin da ke fid da mutum shi ne darajar digirinsa, da iya rubutu mai tsabta, da wata sana'a da ya haɗa da karatun. Karatun yana gyara alƙalami ƙwarai, wanda ya shekara huɗu yana warware jimlolin Sisero ba ya rubuta shirme. Amma sana'ar kai za ka nemo ta: Faransanci, ko aikin kwamfuta, ko fassara tsakanin Hausa da Larabci da Turanci, wadda ake biya tun mutum yana ɗalibi. Kuma kada ka ce wa Abba sai da Latinanci ake zama lauya ko likita. Ana yawan faɗar haka, ba gaskiya ba ne. 'Yan kalmomin da lauyoyi suke ja a kotu ana haddace su ba tare da an san nahawun ba.

Ita ma lauyar ba tabbas ba ce. Shekara biyar ce a jami'a, da guda a makarantar horar da lauyoyi, kuma sababbin lauyoyi da yawa suna fara aiki da albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Ka san wannan don kanka, ba don ka yi wa Abba gardama da shi ba. Duk da haka tana da suna da kowa ya sani, tana da ƙofar da ake shiga, abin da naka karatun ba shi da shi.

Akwai wata siririyar hanya guda wadda kai kake da damar binta fiye da yawancin waɗanda za ka zauna da su a aji, ita ce ta haɗa Larabci da Girkanci da Latinanci. Wasu littattafan Girkawa asalinsu ya ɓace, fassarar Larabci ce kaɗai ta rage. Littafin Abuluniyus na lissafi juzu'i takwas ne, huɗun farko suna nan da Girkanci, na biyar zuwa na bakwai sai da Larabci, na takwas ya salwanta. Littafin Jalinus na fiɗar jiki juzu'i 15 ne, daga tsakiyar na tara zuwa ƙarshe Larabci ne ya adana shi. Daga baya kuma abin ya juya: a Ɗulaiɗila ta Andalus, Jirad ɗan Kirimona, wanda ya rasu a 1187, ya mayar da Ƙanun na Ibnu Sina zuwa Latinanci, jami'o'in Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyar da likitanci da shi. Masu iya karanta duka harsunan uku su gwama rubuce-rubucen kaɗan ne a duniya, don yawancin masu Girkanci ba su da Larabci, masu Larabci kuma ba su da Girkanci. Mai bin wannan hanya sai ya yi digiri na biyu da na uku, ya ƙara Jamusanci da Faransanci don karanta binciken magabata a fannin, abin ya doshi shekara goma bayan sakandare ko ya wuce. Manyan jami'o'in Amurka sukan ɗauki nauyin ɗaliban digiri na uku, akwai tallafin DAAD na Jamus da na Kwamanwel, amma gasar tana da zafi, ba wanda zai yi maka alkawari. A nahiyarmu ma akwai wuraren ci gaba: jami'o'in Legon da Cape Coast a Gana, Dakar, Afirka ta Kudu, da Jami'ar Alƙahira, inda marubucin Masar Ɗaha Husaini ya yi tsayin daka a kan a koyar da harsunan biyu, kuma can Larabcinka zai yi maka rana.

Shawarata ita ce ka gwada kanka kafin ka sake tayar da maganar a gida. Ka nemi littafin Hans Ørberg, wani malami ɗan Denmak, mai suna Lingua Latina. Da Latinanci zalla aka rubuta shi, ya fara da taswira da gajerun jimloli da kowa zai gane, yana ƙara nauyi a hankali har babi 35. Ka ba shi sa'a guda kullum bayan Asuba, ka riƙa rubuta sauye-sauyen sunaye da aikatau da hannunka a littafi, kana bita da baki yadda kake bitar Alfiyya. Ka sa wa kanka babi goma cikin wata biyu, ka haɗa da baƙaƙen Girkanci. Rumbun littattafan Girkanci da Latinanci mai suna Perseus na Jami'ar Tufts da ƙamus ɗin Logeion na Jami'ar Chicago kyauta suke a intanet, waya ta isa. Abin da za ka duba ba ranar da karatun ya yi daɗi ba ne. Ka duba ranar da ka gaji, ka manta abin da ka haddace jiya, abokai suna kiranka ƙwallo. In ka ga kana komawa kan littafin a irin wannan rana, to harshen kake so. In kuwa ka ga kana tsallakewa zuwa bidiyon yaƙin Hanibal, ka gode wa Allah da ya nuna maka da wuri, ka cike lauya da zuciya ɗaya, tarihin kuma ba wanda ya hana ka shi.

A cikin wata biyun nan ka duba kundin JAMB ka ga darussan da ake bukata, ka duba jerin kwasa-kwasan sashen, ka nemi ɗalibin da ke ciki yanzu ka tambaye shi yawan sa'o'in da ake ba harshe da waɗanda ake ba tarihi da adabi a fassara. Ka kuma yi lissafin kuɗi a takarda: rajista, ɗaki, abinci, motar zuwa da dawowa. Ina zaton akwai damuwa ta uku da Abba bai furta ba, ita ce nisa. Yaro ɗan 18 daga Kano zuwa ƙasar Yarbawa ba ƙaramin abu ba ne a wurin uba. Ibadan tana da tsohuwar unguwar Hausawa a Sabo, jami'ar tana da masallacinta, kuma da wuya a rasa wani abokin kasuwancin Abba ko ɗan unguwarku da ke can wanda za a damƙa masa amanarka. Ka nemo sunansa tun kafin a tambaye ka.

In ka ci jarrabawar da ka yi wa kanka, wurin Baffa za ka fara zuwa. Ka tafi da littafin da ka cika da hannunka, ka nuna masa yadda ƙarshen kalmomin yake sauyawa. Malamin nahawu zai gane abin da yake kallo nan take, wataƙila ma ya fi ka jin daɗinsa. Ka gaya masa komai, har da abin da na faɗa maka na ƙarancin aiki, ka roƙe shi ya duba maka hukuncin, in ya gamsu ya yi wa yayansa magana a lokacin da ya ga ya dace. Kai kada ka je gaban Abba kana ja masa hadisi da sunayen malamai. Ko da hujjarka ta fi ƙarfi, abin da zai ji shi ne ɗansa yana koya masa addini, daga nan kuma ƙofa ta rufe. Maganar da ta dace da bakinka ita ce ta tsari: ga abin da zan karanta, ga sana'ar da zan haɗa da shi, ga wanda zan zauna kusa da shi, ga karatun addinin da zan ci gaba da shi, ga kuma abin da zan yi in hanyar jami'a ba ta buɗe ba. Cikin abin da za ka iya ajiye masa akwai cewa jami'o'i da dama suna karɓar mai digiri ya shiga lauya daga aji biyu. Hanya ce mai tsawo da tsada, amma tana nuna masa ba ka yi watsi da burinsa ba. Umma kuma da ta ce ka bi a hankali, ka ji maganarta. Ka riƙa sanar da ita inda aka kwana, don sau da yawa uwa tana aikinta a inda ɗa ba ya gani. Ka yi istihara.

Zai yiwu bayan duk wannan Abba ya ce a'a. In haka ta faru, ra'ayina shi ne ka karanta lauya, ka karanta ta da gaske, ba da fushi ba. Na san zai yi maka ciwo, kuma ba zan ce maka daidai yake da zama a aji gaban malami ba, don ba daidai ba ne: mai koyo shi kaɗai yana tafiya a hankali, ba shi da mai gyara masa. Amma harsunan nan ana koyonsu a kowane shekaru, sa'a gudan nan ta bayan Asuba taka ce, kuma akwai darussa ta intanet da ake yi lokacin dogon hutu. Makarantun tauhidin Kirista, irin ta Bukuru kusa da Jos, suna koyar da Girkancin Sabon Alkawari, wanda ya fi na Atina sauƙi, saboda haka ko a Arewa akwai mutanen da suka san harshen da za ka iya yi wa tambaya. Shirye-shiryen digiri na biyu da dama suna karɓar wanda ya fito daga wani fanni in ya nuna ya iya harsunan, kuma dokokin Rum da Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara a 533 fage ne da lauya mai Latinanci yake da abin cewa a cikinsa, balle wanda ya san fiƙihun Malikiyya.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya sanyaya zuciyar Abba. Ka gaida Umma da Baffa.